Yarona ya fara barci har asuba, amma ni barcin ya ƙaurace mini

Tambaya: Wata mai goyon fari daga Mabera, a cikin garin Sakkwato, ta rubuto cewa ɗanta yana da wata biyar, nono zalla take ba shi, kuma yau kusan kwana goma ke nan da ya fara barci tun wajen ƙarfe tara na dare, ba ya neman nono sai an kusa kiran sallar asuba. Ta ce ta yi zaton ranar da hakan ta faru za ta huta, amma har yanzu tana farkawa ƙarfe ɗaya da ƙarfe uku, ta sa yatsa a hancinsa don ta ji ko yana numfashi, nononta ya cika ya yi tauri har yana jiƙa mata riga, sannan barci ya ƙi dawowa. Uwar mijinta ta ce ta riƙa tashinsa tana ba shi nono da ruwa saboda zafin gari. Tana so ta san ko lafiya yaron yake, ko ya kamata ta tashe shi, da kuma dalilin da ya sa ta fi jin gajiya yanzu fiye da lokacin da yake tashinta.

Amsa: Ƙanwata, Allah ya raya mana shi, ya yi masa albarka, ke kuma ya ba ki ladan ɗawainiyarsa. Na daɗe ina aikin jinya da ungozomanci a wannan gari, kuma tambayarki tana cikin waɗanda mata ke jin nauyin yi a gaban jama'a ranar awo, domin suna tsoron a ce Allah ya kawo musu hutu amma suna neman abin ƙorafi. Sai an watse sannan mace ta dawo ta tsaya bakin ƙofa ta yi ta a hankali. Abin da ya same ki shi ne, yaro ya sauya tsarin barcinsa cikin 'yan kwanaki, amma jikinki, wanda ya shafe wata biyar yana horuwa da tashi sau uku ko huɗu kowane dare, bai gama samun labarin sauyin ba. Saboda haka mafi yawan bayanina zai tsaya ne a kanki. Sai dai na san hankalinki ba zai kwanta ki saurare ni ba sai mun tabbatar barcin nasa na lafiya ne, don haka da shi za mu fara.

Jariri sabon haihuwa bai san dare da rana ba. Yana barcin sa'a 14 zuwa 17 a yini da dare, amma gutsi-gutsi, saboda cikinsa ƙarami ne kuma nono ba ya daɗewa bai narke ba. Daga wajen wata biyu zuwa uku ne jikinsa ke fara fitar da sinadarin melatonin, wanda ke ƙaruwa idan duhu ya yi, kuma daga nan barcin ke fara taruwa cikin dare. Yaro mai wata huɗu zuwa shekara ɗaya yana bukatar barcin sa'a 12 zuwa 16 idan aka haɗa da na rana. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne, babu yaron da ke barci sumul daga dare har safiya. Barcin jariri zagaye-zagaye ne, kowane zagaye bai cika wuce minti 50 zuwa 60 ba, kuma a ƙarshen kowanne yakan ɗan motsa, ya buɗe ido, wani lokaci ya tsotsi yatsa. Abin da ɗanki ya koya a kwanakin nan shi ne komawa barci da kansa ba tare da ya nemi nono ba, kuma wannan ci gaba ne irin na kifewa da koyon zama. Ba kowane yaro ke kai wa nan da wuri ba. Wani bincike da aka yi a Kanada, aka wallafa a 2018, ya nuna cewa kashi 38 cikin 100 na yara masu wata shida ba sa barcin sa'a shida a jere, kuma ko a shekara ɗaya kimanin kashi 28 cikin 100 ba su kai ga haka ba. Na kawo wannan ne domin maƙwabciyarki da yaronta ke tashi sau huɗu kada ta ɗauka ta yi kuskure, ke ma kada ki ɗauka naki ya fita daban da 'ya'yan mutane.

Da rana ake gane ko barcin dare na lafiya ne. Yaro mai lafiya yakan tashi da asuba da yunwa, ya kama nono da ƙarfi har ki ji yana haɗiya. Da rana idonsa tar, yana bin mutane da kallo, yana dariya, yana miƙa hannu ga abin da ya gani. Yana jiƙa ƙunzugu aƙalla sau shida a yini da dare, fitsarin kuma bai yi ja ko ƙarfin wari ba. Sannan ga katin awo, wanda shi ne shaidar da ta fi kowace ƙarfi: idan layin nauyinsa yana hawa wata bayan wata, kuma a wata biyar ya ninka nauyin da aka haife shi da shi ko ya kusa, to nonon da yake sha da rana ya wadatar da shi, babu dalilin tashinsa. Barcin ciwo daban yake. Yaron da kike tashi ya ƙi farkawa sosai, jikinsa ya saki, ya kama nono ya saki ko ya ƙi kamawa gaba ɗaya. Yaron da jikinsa ya yi zafi, ko yake numfashi sau 50 ko fiye a minti ɗaya alhali yana kwance shiru, ko ƙasan ƙirjinsa ke lotsawa idan ya ja numfashi. Yaron da maɗigarsa ta faɗa bayan gudawa da amai, ko ta kumbura. Yaron da ya yi jijjiga, duk waɗannan ba a kwana da su a gida. A garinmu zazzaɓin cizon sauro da damina, da ciwon sanƙarau a lokacin zafi da ƙura, suna iya fara bayyana a jikin ƙaramin yaro da yawan barci da ƙin nono kafin wata alama ta fito. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Asibitin Ƙwararru, da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha duk suna duba yara, haka ma asibitin unguwa mafi kusa da ke, kuma gara a je a ce miki lafiya lau ne da a zauna ana jiran gari ya waye.

Ina so mai karanta wannan amsa da ke riƙe da jinjirin da bai wuce sati biyu ko uku ba ta lura cewa maganar ba ta shafe ta ba. Jinjiri sabo, musamman bakwaini, ko wanda aka haifa da ƙarancin nauyi, ko mai shawara, ana tashinsa ne a ba shi nono idan ya wuce sa'a uku yana barci, yana sha sau 8 zuwa 12 a yini da dare, har sai ya mayar da nauyin haihuwarsa, abin da yakan faru cikin kwana 10 zuwa 14.

Game da maganar Hajiya, uwar mijinki, kuwa, kada ki ɗauke ta da raini. Iyayenmu mata sun ga abin da mu ba mu gani ba. Da yawansu sun binne 'ya'ya, kuma sun san yaron da ya yi shiru da yawa abin tsoro ne. Tsoronta yana da tushe, maganin da ta kawo ne ya kamata a gyara. Gaskiya ne daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, amma fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma yaron da ke jin ƙishi yakan nemi nono akai-akai na ɗan gajeren lokaci, da haka yake kashe ƙishinsa. Idan aka ba shi ruwa kafin wata shida, ruwan zai cika masa ciki ya rage nonon da zai sha, ga kuma haɗarin gudawa, wadda ita ce ke busar da yaro da gaske. Wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba da nono zalla har wata shida. Ke za ki sha ruwan, shi kuma ki ƙara masa yawan nono da rana. Kada ki yi gardama da ita a tsakar gida. Ki roƙe ta ta raka ki awo na gaba ta ga nauyinsa da idonta, ta ji bayani daga bakin ma'aikaciyar lafiya, sannan ki nuna mata cewa nan da wata ɗaya, idan ya cika wata shida, ita za ta nuna miki yadda ake dama masa kunu. Mutum ya fi karɓar gyara idan ya ga ba a ture shi gefe ba.

Akwai abu ɗaya da nake so ki bincika a hankali, tunda barcin ya zo kwatsam: ki tabbatar babu wanda ke ɗura masa wani abu idan kin ba da baya, ko jiƙo, ko maganin tari da mura, ko abin da ake kira maganin haƙori. Wasu daga cikin magungunan ruwa na mura suna sa barci mai nauyi, kuma ba a ba jariri su. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 wani gurɓataccen maganin haƙori ya kashe yara fiye da 80 a Najeriya, hukumar NAFDAC kuma ta janye shi daga kasuwa. Zuma ma ba a ba yaro sai ya cika shekara.

To, mu dawo kanki. Nono yana bin ƙa'idar abin da aka cire ne: gwargwadon yadda aka shanye shi, gwargwadon yadda jiki ke sake cika shi. Sinadarin furolaktin, wanda ke sa jiki samar da nono, ya fi yawa cikin dare, don haka jikinki yana ci gaba da tanadin abincin ƙarfe ɗaya da na ƙarfe uku alhali mai sha ya daina zuwa. Shi ya sa kike tashi da ƙirji kamar dutse. Kuskuren da mata suka fi yi a nan shi ne su tatse nonon tas don su samu sauƙi, domin hakan na gaya wa jiki cewa har yanzu ana bukatar nonon a wannan lokaci, gobe kuma sai ya sake cika shi haka ko fiye. Ki tatsa da hannu kaɗan kawai, iya abin da zai sa taurin ya saki, sannan ki jiƙa ƙyalle mai tsabta da ruwan randa mai sanyi ki ɗora na ɗan lokaci. Kada ki gasa shi da ruwan zafi kamar yadda ake yi a wankan jego, kada ki murza shi da ƙarfi, kada kuma ki ɗaure ƙirji tamau da zani ko matsattsiyar rigar nono, domin duk waɗannan suna ƙara kumburi. Idan kin bi haka, cikin kwanaki kaɗan zuwa sati biyu jiki zai rage na dare ya bar na rana yadda yake. Ɗan abin da kika tatsa tsakar dare kuwa, kada ki damu da adana shi: ƙa'idar da ake faɗa, cewa tatsattsen nono yana iya yin sa'a huɗu a ajiye bai lalace ba, ta ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba ce, firji kuma sai da wutar da ba ta yankewa.

Idan wani ɓangare na nonon ya yi zafi, ya yi ƙullutu mai ciwo, fatar wurin ta yi sheƙi ko launinta ya sauya, ga zazzaɓi da rawar ɗari da ciwon gaɓoɓi, to kumburin ya zama ciwo, kuma idan ya kwana ya yini bai ragu ba ki je asibiti. Kada ki daina ba yaro wannan nonon. Maganar da ake yi cewa nono ya lalace ko ya zama guba ba ta da tushe, kuma barin sa cike shi ke kai mace ga ƙurjin da sai an tsaga. Farasitamol bai hana shayarwa ba. Ƙullutun da ya wuce sati biyu bai baje ba, ko da ba ya ciwo, a nuna wa likita.

Wata dabara da ke taimakon mata da yawa ita ce, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ki ɗauke shi a hankali ba tare da kunna fitila mai haske ba, ki goga kan nono a leɓensa. Yara da yawa sukan kama su sha cikin barci, a mayar da su su ci gaba. Ƙirjinki zai yi sauƙi, Hajiya za ta ji daɗin cewa ya sha wani abu cikin dare, kuma tazarar da ke tsakanin shayarwa za ta ragu. Idan kin gwada dare uku kin ga yana wartsakewa ya ƙi komawa, ki bar shi.

Maganar tazarar nan ta kawo ni ga abin da na fi so ki riƙe a duk amsar nan, domin shi ne abin da ba a cika gaya wa mata ba sai aikin gama ya gama. Shayarwa tana hana ɗaukar ciki, amma da sharuɗɗa uku da dole su haɗu: yaro bai kai wata shida ba, al'ada ba ta dawo ba, kuma nono zalla yake sha ba tare da tazarar da ta wuce sa'a huɗu da rana ko sa'a shida da dare ba. Idan sun cika, kariyar takan kai kashi 98 cikin 100. Ɗanki yanzu yana yin sa'a bakwai ko fiye bai sha ba, don haka sharaɗi ɗaya ya riga ya faɗi, na biyu kuma zai faɗi nan da wata ɗaya. Tsotson dare ne ke danne sinadaran da ke sa ƙwan mace ya nuna, kuma idan ya ragu ƙwai yana iya fita kimanin sati biyu kafin ki ga jinin farko. Ma'ana, mace na iya ɗaukar ciki ba ta taɓa ganin al'ada ba tun bayan jinin biƙi. Na sha karɓar matan da suka zo da kasala da tashin zuciya, goyonsu bai kai wata takwas ba, suna rantsuwa cewa ba su ga wanki ba, aka auna aka samu ciki. Abin da ke biyo baya a gidajenmu shi ne a yaye na goye cikin gaggawa saboda tsoron nonon ciki, yaro ya rame, uwa kuma ta shiga sabon ciki jininta bai gama dawowa ba. Wannan shi ne kwanika, ko rurrutsa, da iyayenmu ke gudu. Nonon mai ciki ba guba ba ne, kuma mafi yawan mata za su iya ci gaba da shayarwa, amma gara a kauce wa shiga halin tun farko. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 233 ta Suratul Baƙara, ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ke son cika shayarwa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin sabon ciki. Ki zauna da maigida cikin satin nan ku tattauna, ba sai al'ada ta dawo ba. Akwai hanyoyin tazarar haihuwa da ba sa rage nono, kamar allurar wata uku, da ashanar da ake sawa a dantse, da robar mahaifa, da ƙwayar da aka keɓe wa masu shayarwa. Zaɓin naku ne ku biyu, amma ku yi shi da sani.

Sa yatsa a hancinsa kuwa, kusan kowace uwa ta yi, kuma tsoron da ke bayansa ba shirme ba ne. Akwai mutuwar fuju'a da ke samun jarirai cikin barci, wadda ta fi yawa tsakanin wata biyu zuwa huɗu, kuma kusan kashi 90 cikin 100 nata kafin wata shida take faruwa, don haka ɗanki ya riga ya wuce lokacin da ya fi haɗari. Sai dai farkawarki sau biyu kina taɓa shi ba ta da wani tasiri wajen kare shi. Yadda kika kwantar da shi tun farkon dare shi ne kariyar. Ki kwantar da shi rigingine a kowane barci, na dare da na rana. Lokacin da aka yi gangamin wayar da kai kan haka a Ingila a 1991 da Amurka a 1994, irin wannan mutuwa ta ragu da kusan rabi ko fiye cikin 'yan shekaru. Idan ya iya juyawa da kansa ta kowane ɓangare, ba sai kin riƙa mayar da shi ba. Shimfiɗarsa ta zama mai ɗan tauri, babu matashi, babu tarin zannuwa ko bargo kusa da fuskarsa. Abin da ya fi aminci shi ne ya samu tasa shimfiɗar a gefen taki cikin ɗaki ɗaya. Na san yawancinmu gado ɗaya muke kwana da yaro cikin gidan sauro ɗaya, kuma idan haka kike yi, to kada wani yaro ya kwanta kusa da shi, kada a bar rami tsakanin katifa da bango, kada mai shan taba ya kwana a gadon, kada ki kwanta da shi idan kin sha maganin da ke sa barci, kuma kada barci ya kwashe ki da shi a kan kujera. Da zafi, 'yar shimi ɗaya ta ishe shi, kuma ko a tsakar gida kuke kwana ku ɗaura gidan sauro ku cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa. Da hunturu kada a kwana da garwashi a ɗaki a rufe, kada a ajiye janareta kusa da taga, a kuma rage turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi a inda yake kwana. Idan kin yi waɗannan, kin yi abin da ke hannunki, sauran ki yi masa addu'ar barci ki bar wa Allah. Gurnani, murmushi da ɗan zabura cikin barci duk al'ada ce ta jarirai.

Saura barcinki. Wata biyar kina kwana da kunne ɗaya a buɗe, har ƙwaƙwalwarki ta haddace lokutan tashi, kuma abin da aka koya cikin watanni ba ya gushewa cikin kwana goma. Gajiyar da kika ce ta ƙaru ma tana da dalili: a da larura ce ke riƙe da ke tsaye, yanzu da ta sassauta sai bashin barcin da ya taru ya fito fili. Yawancin mata sukan daidaita cikin 'yan makonni. Idan kin farka, kada ki duba agogo, kada kuma ki ɗauki waya, domin haskenta da saƙonnin WhatsApp suna kore sauran barcin. Ki dube shi sau ɗaya da ido, ki ga cikinsa na hawa da sauka, ki koma ki kwanta kina tasbihi a hankali. Idan kamar minti 20 ya wuce barci bai zo ba, ki tashi ki yi alwala ki yi nafila ko ki zauna cikin duhu-duhu har ki ji ido ya yi nauyi, domin juye-juye a kan gado yana koya wa jiki cewa gado wurin damuwa ne. Shayi mai ƙarfi, goro da lemon kwalba mai baƙin launi duk suna ɗauke da kafeyin, wanda rabinsa ke nan a jiki bayan kimanin sa'a biyar, don haka ki tsayar da su daga azahar. Ki yi ƙailula gajeriya, wadda ba ta wuce rabin sa'a ba, kafin la'asar. Sannan kada ki mayar da sa'o'in da ya ba ki lokacin wanki da guga. Mafi nauyin barcinsa a farkon dare yake, don haka idan ya kwanta ƙarfe tara, ke ma ki nemi shimfiɗa ba da daɗewa ba. Maigida yana da rawar da zai taka a nan: ya karɓi aikin duba yaron sau ɗaya cikin dare don ki san akwai wani ido ban da naki, kuma idan ya dawo masallaci da asuba kin gama shayarwa, ya riƙe shi na sa'a ɗaya ki ƙara rintsawa.

Akwai rashin barcin da ya wuce sabo, kuma ina so ki san iyakarsa. Idan sati biyu ko fiye sun wuce kina cikin baƙin ciki ko kuka ba dalili, abinci ya fita ranki, mugun tunani game da yaron yana ta dawo miki kin kasa kore shi, kina tashi duba shi sau goma ko fiye, ko kina jin rayuwar ta ishe ki, to wannan ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na fuskantar irin wannan matsala bayan haihuwa. Ba raunin imani ba ne, kuma yana jin magani. Ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya, akwai likitocinsa a asibitin koyarwa da kuma asibitin tarayya da ke Kware. Haka kuma idan abin da ke tashinki shi ne sarƙewar numfashi, kin kasa kwanciya sai kin tara matasai, ƙafafunki sun kumbura, kina tari da dare ko zuciya na bugawa da sauri, ki je asibiti a ranar. Akwai ciwon raunin zuciya da ke kama mata a watannin farko bayan haihuwa, wanda likitocin Zariya, Kano da Sakkwato suka daɗe suna ganinsa da yawa a yankinmu. Ƙarancin jini ma yana kawo kasala da bugun zuciya, kuma gwajinsa ba shi da wuya.

Ba ki faɗa ba, amma mata da yawa sun gaya mini cewa ban da tsoro akwai kewa. A gidan da ke cike da mutane, shayarwar tsakar dare ita ce kaɗai lokacin da uwa ke samun ɗanta ita kaɗai, babu mai kira, babu mai karɓarsa. Idan ya daina nemanki a wannan lokaci, zuciya takan ji kamar an rage mata wani abu. Idan kin ji haka, kada ki zargi kanki. Ki mayar da wannan kaɗaicin zuwa shayarwar asuba, ko wadda ke gabanin kwanciyarsa: ki yi masa wanka, ki rage haske, ki shayar da shi a natse kina yi masa addu'a, kullum a tsari ɗaya, domin maimaita tsarin ne ke sanar da shi dare ya yi.

Ki kuma shirya wa ranar da zai koma tashi, domin zai koma. Fitowar haƙori, mura, allurar rigakafi, tafiya ganin gida, koyon rarrafe, da ƙyuyar da ke kama yara wajen wata takwas zuwa goma duk suna iya dawo da tashin dare na kwanaki ko makonni. Idan hakan ta faru ki ba shi nono cikin duhu, ba hira ba wasa, ki mayar da shi shimfiɗarsa, nononki kuma zai ƙaru ya biya bukatar cikin kwana biyu ko uku. Ranar awo mai zuwa ki tafi da katinsa, ki nemi a nuna miki layin nauyinsa a gaban Hajiya, ki ce a duba miki jini da hawan jini, ki tambayi ɗakin tazarar haihuwa, kuma idan damina ta kama ki tabbatar ya karɓi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa gida-gida kowane wata ga yara daga wata 3 zuwa 59.